Wasiƙa kan matattakalar da teku ke busawa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya, na rubuto ne domin in ba ka labarin wani gini da na gani a garin Zadar na ƙasar Kuroshiya, tunda na san yadda zanen gini yake ranka.

Idan ka hango shi daga nesa, matattakala ce kawai ta farin dutse mai gangarawa cikin tekun Adiriyatik, wadda ta bi gaɓa har tsawon mita 70. Sirrin yana ƙarƙashinta, inda aka binne bututu 35 masu bambancin tsawo da kauri, aka kasa su gida 7, kowane gida da bututu 5. Duk lokacin da igiyar ruwa ta daki bakin bututun, sai ta turo iskar da ke ciki, iskar kuma ta fito ta wasu ƙananan ramuka da amo irin na sarewa, wani siriri, wani mai kauri. Babu lantarki a cikin aikin, babu mabushi, kuma ko jirgin ruwa ne ya gifta ya tayar da igiya, sai ka ji kiɗan ya sauya.

Mai zanen gini Nikola Bašić ne ya tsara shi, aka buɗe shi a watan Afirilun 2005, shekara guda bayan haka kuma ya ci lambar yabo ta Turai kan wuraren taruwar jama'a a birane. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun ragargaza garin, kuma da aka zo gyara sai aka shimfiɗa siminti zalla a gaɓar, har wannan aiki ya zo ya dawo da mutane bakin ruwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jama'ar wurin. Babu ƙofa, babu kuɗin shiga; tsofaffi suna zaune shiru, yara kuma sun kwanta rubda ciki sun kara kunne a ramukan. Na zauna cikinsu tun la'asar har rana ta faɗi.

Na naɗo sautin a waya zan turo maka, sai dai waya ba ta ɗauko rawar da dutsen ke yi a ƙarƙashin mai zama ba. Ka gaishe mini da Baba da mutanen gida.

Wassalam,
Naka amini