Godiya ga ma'aikatan sashen ciwon ƙirji da suka gano ainihin tarin Innarmu

Assalamu alaikum.

Na daɗe ina son rubuta wannan wasiƙa, sai yau Allah ya nufa. Godiyata ce da ta 'yan uwana ga likitoci, ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaje-gwaje na sashen ciwon ƙirji da ke duba mahaifiyarmu a nan Zariya.

Kafin mu zo gare ku, Inna ta sha maganin tarin fuka na wata 6 cif a wani wuri, ko kwana ɗaya ba ta tsallake ba. Tari bai tsaya ba, gumin dare yana nan, ta rame har zobenta na suɓucewa daga yatsa. Abin da ya fi ci mata rai kuwa, an ware mata kofi da kwano, an hana jikoki shiga ɗakinta. Mu muka yi hakan da hannunmu, a ganinmu kariya ce.

Ku ne kuka lura cewa ana ganin ƙwayar cuta a kakinta ta madubin gwaji, alhali na'urar gwajin tarin fuka ta GeneXpert ta ce babu shi. Ba ku sake ɗora ta kan maganin da ta sha a baya ba. Kuka sa aka raini ƙwayar a ɗakin gwaji, muka yi makonni muna jira, ni har na fara ƙunƙuni, Allah ya yafe mini.

Ranar da sakamako ya fito, likita ya zaunar da mu ya yi bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ya ce 'yar uwar ƙwayar tarin fuka ce, daga dangin da ake kira NTM, nau'in MAC. A ruwa da ƙasa take zaune, kowa na cuɗanya da ita, amma ta fi kama wanda huhunsa ya riga ya yi rauni. Inna ta katse shi: "Ɗana, jikokina fa?" Ya ce, "Mama, wannan galibi ba a ɗaukarta daga mutum. Su dawo ɗakinki." A daren nan autan jikokinta ya ci tuwo kwano ɗaya da ita.

Ba ku ɓoye mana tsawon tafiyar ba. Magani uku ne, azithromycin da ethambutol da rifampicin, sau 3 a mako, kuma sai ta ƙara wata 12 tana sha bayan an daina ganin ƙwayar a kakinta. Kun faɗa mana ma cutar tana iya dawowa. Saboda ethambutol na iya taɓa ido, kuna duba ganinta da yadda take bambance ja da kore. Sista kuma ta koya mata yadda za ta fitar da majinar ƙirji da safe, da abin da za ta yi in tashin zuciya ya taso. Haƙurin wannan baiwar Allah da tsofaffi, sai wanda ya gani.

Har yanzu Inna na kan magani, hunturu kuma yana ɗan tayar mata da tari. Amma tana sallah a tsaye, tana barci har asuba, makon jiya ma da ƙafarta ta je barka gidan maƙwabta.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku lafiya da zuriyarku.

Naku,
Ɗan Inna, a madadin dangi, Zariya