Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Yawon Sallah da Tsaftar Ruwa, Zangon Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa. Ga abin da Allah ya nufe mu da yi a bana.

Babban aikinmu shi ne fitar da muka yi da yara da matasa zuwa tafkin Bosomtwe bayan Babbar Sallah. Tafiyar kusan kilomita 30 ce daga Kumasi, muka sauka a Abono. Tun a mota muka gaya wa yaran irin ruwan da za su gani: tafki ne da wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce, faɗinsa kamar kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya haura mita 70. Da gangan muka faɗi zurfin. Yawancin yaran Zango ba su iya iyo ba, kuma idan suka ga masuntan wurin zaune a kan katakon da suke kira padua suna tuƙawa da hannu, sai su ɗauka ruwan wasa ne.

Dokarmu ɗaya ce: ba rigar ruwa (mai hana mutum nutsewa), ba shiga jirgi. A nan aka ɗan kai ruwa rana. Mai jirgin da muka samu rigunansa ba su kai yawanmu ba, ya ce mu shiga haka nan, ai ba nisa za a yi ba. Muka ƙi. Muka raba yaran kashi-kashi, muka biya kuɗin ƙarin sawu daga asusun kwamiti. Wasu samari sun yi ta gunaguni, amma a sawu na biyu wata yarinya ta miƙe tsaye don ta ɗauki hoto da waya, jirgin ya karkata har ruwa ya taɓa bakinsa. Hajiyar da ke kusa ta fizgo ta ta zaunar. Ina bakin ruwa, na gani da idona, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Daga nan ba wanda ya ƙara magana.

Mun kuma gano cewa rigunan manya ba sa yi wa ƙanana. In ka ɗaura wa yaro, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga; in ta zame ta wuce kunnuwansa, a cikin ruwa ma haka za ta suɓuce. Shi ya sa ƙananan yara ba su shiga jirgi ba, kuma iyayensu mata sun fahimce mu, Allah ya saka musu.

Kafin mu taso mun tsince bakin tafkin: ledojin fiya wata, robobin lemo, takardun da aka ƙunso waakye (dafaffiyar shinkafa da wake). Bosomtwe ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, don haka ledar da ta faɗa ciki tana nan. Daga wannan ruwan ƙauyukan da ke kewaye suke kamun kifi, kuma tun 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tafkin cikin wuraren da ake kare halittunsu. Buhunan bolar a motarmu muka dawo da su.

A gida kuwa, mun yi aikin gayya a rafin Aboabo da gwatocin unguwa kafin damina, mun maimaita kafin ruwan Satumba. Gaskiya fitowar ba ta gamsar ba. Mata da 'yan makarantar allo ne suka fi yawa, kuma bayan mako guda an sake cika gwatar da ke bayan kasuwa da shara. Mun roƙi limamanmu su taɓo batun a huɗubar Juma'a.

Baɗi muna son sayen rigunan ruwa na yara, mallakar ƙungiya, da igiyar da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa. Za a yanke kuɗin karo-karo a taron wata mai zuwa, bayan sallar La'asar. Wanda ya iya iyo sosai kuma zai iya koyarwa, ya ba ma'aji sunansa.

Wassalam,
Sakataren kwamiti