Ranar 27 ga Agusta: Ku Riƙa Farawa da Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye alli na koma gona. Jikana ne ke karanta mini filinku na abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, a wayarsa, bayan sallar isha'i, don idanuna sun daina jituwa da ƙananan baƙaƙe. Abin da kuka fitar ranar 27 ga Agusta ne ya sa na ce ya zauna in faɗa ya rubuta.

Kun buɗe da yaƙin Zanzibar na 1896, wanda jiragen ruwan Ingila suka yi wa fadar Sultan Khalid bin Barghash ruwan wuta, aka gama komai cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Labari ne mai kyau, ban ƙi shi ba. Sai dai da kun ƙara layi biyu, da yaranmu sun gane cewa Turawan nan su ne suka ci Kano a 1903, suka kuma yi artabu da Haɗeja a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Daga nan kuka kawo rasuwar Sarkin Habasha Haile Selassie a 1975, da rijiyar man fetur da Edwin Drake ya haƙa a Amurka a 1859. Sai can ƙasa, layi ɗaya tak kamar cigiyar akuya: an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

Haba Malam! A wurinmu wannan layin ai shi ne ranar gaba ɗaya.

Ina tuna ta sarai. Ana tsakiyar marka, gero ya fitar da kai, hanyar garinmu ta zama caɓi ko amalanke ba ta iya bi. Rediyon mai unguwa ne kaɗai ke da rai, shi ma sai da aka shanya batiransa a ɗan hasken ranar da ya leƙo. Jawabin Janar Ibrahim Babangida da Turanci ne, don haka aka aiko yaro ya kira ni in yi tafinta. Ina zaune a bakin tabarma, kunnena manne da rediyo, dattawa sun zuba mini ido. Na ce musu an ƙara jihohi tara, daga 21 sun koma 30, kuma an yanke mu daga Kano, hedikwata Dutse. Wuri ya yi tsit. Can sai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, ya gyara zama ya ce, "To Malam, yanzu mu ba Kanawa ba ne ke nan?" Na rasa amsar da zan ba shi. Wasu sun yi murna, wasu kuma sun yi ta gunaguni don sun so a kai hedikwatar Haɗeja. Da gari ya waye kowa ya saɓa fartanyarsa ya tafi gona, amma daga ranar takardun albashinmu da na makaranta suka juya baya ga Kano. Kanar Olayinka Sule aka turo mana, kafin Ali Sa'ad Birnin Kudu ya hau a matsayin gwamnan farar hula na farko a 1992.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Kun ambaci juyin mulkin 1985 da ya kawar da Janar Muhammadu Buhari, kun ambaci ƙirƙiro jihohi, amma kun raba su kamar ba su san juna ba. Alhali uwarsu ɗaya. Babangida ya hau mulki ne ranar 27 ga Agustan 1985, kuma a jawabin cikarsa shekara shida ya sanar da sababbin jihohin. Da ya yi juyin mulkinsa a wata rana dabam, da Jigawa da Yobe da Kebbi ba ranar 27 ga Agusta suke bikin haihuwarsu ba. Wannan dabam yake da na ƙasar Moldoba, wadda ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyet a rana ɗaya da shekara ɗaya da mu. Wancan katari ne kawai, ko da yake jikana ya yi ta dariya wai ashe Jigawa tana da tagwai a Turai. Aikin ɗan jarida ne ya nuna wa mai karatu wanne ne katari, wanne ne aka ƙulla.

Sai roƙo na biyu: ku riƙa saka watan Musulunci kusa da na bature. Mu nan ƙauye ba da Agusta muke riƙe tarihi ba. Ka tambayi duk wani tsoho yaushe aka kifar da Buhari a mulkin soja, zai ce maka lokacin Babbar Sallah, ana ta suyar naman layya, mataimakinsa Idiagbon yana can Saudiyya aikin hajji. Gaskiyarsa ne. Amma shekara shida bayan nan, wannan rana ta 27 ga Agusta a watan Safar ta faɗo, tun da watanmu na jan baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Shi ya sa da jikana ya gaya wa kakarsa cewa abubuwan biyu rana ɗaya suka faru, sai ta ce ƙarya wayar ke yi, ai ɗaya da Sallah aka yi, ɗayan kuma ko ƙanshin Sallah babu. Sai da na sa baki, kuma har yanzu ba ta gamsu ba.

Idan Allah ya kai mu 27 ga Mayu, ranar da Janar Gowon ya ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, zan sa yaron ya duba mini ko kun ɗaga ta sama ko kun sake jefa ta ƙasan shafi.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.