Wane bincike ne ya nuna?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ara mini fili in yi ƙorafi a kan wasu kalmomi uku da suka zama ruwan dare a shafinku na kimiyya da ilimi, wato "bincike ya nuna". Na daɗe ina karanta jaridarku, kuma ba don ina ƙaunarta ba da ban ɓata tawadata ba.

Abin da ya tunzura ni shi ne rubutun da kuka buga kwanan baya a kan dabarun magana a gaban jama'a. Marubucin ya ce bincike ya nuna kashi 7 cikin 100 kaɗai na saƙon da mutum ke isarwa ne ke cikin kalmominsa, kashi 38 na cikin sautin murya, sauran kashi 55 kuma a fuska da motsin jiki. Da na kai wannan layin sai na ajiye jaridar na yi dariya. Da kaina nake yi, domin ni ma na taɓa tallata wannan hajar.

Malamin makaranta ne ni. Shekarun baya an tura mu wata bita, mai koyarwar ya haska mana waɗannan lambobi uku a majigi, manya-manya, kowace da launinta. Duk muka duƙufa muna kwafa kamar an ce za a tambaye mu a kabari. Na dawo na shiga koya wa ɗalibaina, shekara da shekaru, har ranar da wata yarinya da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jiya na ga ana karanta labarai da Sinanci a talabijin. Ina ganin fuskar matar, ina jin muryarta sarai. To ai ya kamata in gane kashi 93 ke nan, amma wallahi ko abu ɗaya ban gane ba." Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa na tsaya da alli a hannu, na rasa ta cewa. Na ce mata sai gobe, kuma goben nan ta ɗauke ni kusan wata guda ina tono.

Da na tono sai na iske lambobin sun samo asali ne daga ƙananan gwaje-gwaje biyu da Albert Mehrabian, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1967. A ɗaya daga cikinsu kalma guda tak aka naɗa a faifai, mai ma'anar "wataƙila", aka furta ta da murya iri uku: ta so, ta ƙi, da ta ko-in-kula. Aka haɗa da hotunan fuskoki, aka tambayi wasu ɗalibai 'yan ƙalilan ko mai maganar tana son wanda take yi wa magana ko ba ta sonsa. Shi ke nan. Ba a gwada lacca ba, ba a gwada darasi a aji ba, ko jimla cikakkiya ba a gwada ba. Shi kansa Mehrabian ya sha faɗa cewa lissafin nasa ya shafi lokacin da mutum ke bayyana so ko ƙi ne kurum, musamman idan baki na faɗar abu fuska kuma na faɗar wani. Mai kaya ya ce ga iyakar kayansa, 'yan talla sun ce a'a. Fiye da shekara hamsin ke nan ana ƙara wa maganar gishiri, har ta iso shafinku.

Malam Edita, ka ga illar "bincike ya nuna". Kalmomin suna rufe bakin mai karatu. Wa zai yi jayayya da bincike? Amma bincike aikin mutane ne, masu suna, masu albashi, masu gajiya, masu son a san da su. Idan ba ka gaya mini ko su wane ne ba, da abin da suka gwada, da mutum nawa suka gwada a kansu, to "an ce" ka ba ni, ka sa mata farar rigar ɗakin gwaje-gwaje.

Batun "mutum nawa" ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ya taɓa jawo asarar rayuka. A 1998 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wata takarda ta wani likita ɗan Ingila, Andrew Wakefield, da ta jefa shakku cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum na da alaƙa da galahanga, wato autism a Turance. Yara 12 ne kacal a cikin binciken. Jaridu suka ɗauka suka yayata, iyaye suka tsorata, karɓar allurar ta ragu, ƙyanda ta sake kunno kai a inda aka kusa mantawa da ita. A 2002 masana a Denmak suka bi bayanan yara sama da rabin miliyan, ba su ga wata alaƙa ba. Sai a 2010 mujallar ta janye takardar gaba ɗaya, aka kuma soke sunan likitan daga rajistar likitocin ƙasar. Shekara 12 tsakanin bugawa da janyewa. Har yau akwai masu tura labarin farko a WhatsApp, waɗanda na biyun bai taɓa zuwa kunnensu ba. In yi adalci, wanda ya fi kowa tona asirin wannan aika-aika ɗan jarida ne, Brian Deer. Ke nan aikin da nake nema a wurinku ba baƙon abu ba ne a sana'arku.

Wancan maguɗi ne. Amma ko masu gaskiya ma suna kuskure, kuma wannan ya fi yawa nesa ba kusa ba. A watan Satumbar 2011 wani gungun masana kimiyyar fiziks suka sanar da abin da ya girgiza duniya. Sun harba wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba zuwa wani ɗakin gwaji a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita kusan 730, sai agogonsu ya nuna ƙwayoyin sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan ɗaya na sakan. In hakan ya tabbata, to ka'idar Einstein da ta ce babu abin da ya fi haske gudu ta rushe ke nan. Su masanan ba su buga ƙirji ba. Cewa suka yi sun duba sun rasa inda kuskuren yake, a zo a taya su dubawa. Kanun jaridu ne suka yanke hukunci a madadinsu. Bayan wata biyar aka gano wata wayar da ke kai saƙon lokaci zuwa agogon ba ta ɗauru da kyau ba. Aka ɗaure ta, niyutirino suka koma bin doka. Jaridu nawa ne suka ba wa wayar nan shafin farko kamar yadda suka ba wa "faɗuwar" Einstein?

Shi ya sa masu bincike na gaskiya ba sa saurin guɗa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, sakamako ma ba a yabonsa sai wasu, a wani wuri, waɗanda ba su da riba a ciki, sun maimaita gwajin sun sami abu ɗaya. A 2015 mujallar Science ta buga wani aiki da masana kusan 270 suka yi taron dangi a kansa ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Bajiniya. Sun ɗauko bincike 100 da manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam suka riga suka buga, suka sake yin su daga tushe. A bugun farko 97 sun ce sun gano wani abu tabbatacce. Da aka maimaita, wajen kashi 36 cikin 100 ne suka tsaya da ƙafarsu. Kuma dukansu sai da wasu masanan fannin suka tantance su kafin a buga. Tantancewar nan tana da amfani, amma masu yin ta takarda suke karantawa, ba sa shiga ɗakin gwaji su sake aikin.

A fannina na koyarwa abin ya fi ba ni takaici, saboda kuskurenmu a kan yara yake ƙarewa, kuma ba ya yin ƙara. Wane malami ne ba a gaya wa cewa yara kala-kala ne, wani da ido yake koyo, wani da kunne, wani sai ya taɓa da hannu, don haka a gano salon kowa a koya masa da shi ba? Magana ce mai daɗin ji. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan ra'ayi, suka nemi hujjar cewa daidaita darasi da "salon" yaro na ƙara masa fahimta, ba su sami wadda ta kai a dogara da ita ba. Duk da haka, da aka tambayi malamai a Birtaniya da Holan a 2012, sama da kashi 90 cikin 100 sun yarda da maganar. Abin da ke yanke yadda za a koyar shi ne darasin kansa: taswira sai an gani, furucin harshe sai an ji, ɗaurin waya sai an kama. Ni ma na raba wa ɗalibai takardun gano salo, na ɓata musu lokacin da ya kamata su yi ta maimaita darasi suna gwada kansu.

Akwai kuma tarkon da wakilanku ke yawan faɗawa, na ganin abu biyu tare a ce ɗaya ne ya haifi ɗayan. An lura yaran da gidajensu ke cike da littattafai sun fi cin jarrabawa. To littattafan ne, ko iyayen da suka sayo su, masu ilimi da hali da lokacin zama da yaro? Jibge wa gida littattafai ba ya sauya iyaye. Haka idan aka ce an gano maganin wata cuta, a taimaka a gaya mana ko a jikin ɓeraye ne, domin cikin magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane ma, kusan tara cikin goma ba sa kai labari.

Injiniyoyi sun ɗan fi mu sa'a, don su kuskurensu ba ya ɓuya. Gadar masu tafiya a ƙasa da aka buɗe a kan kogin Thames a Landan ranar 10 ga Yunin 2000, kwana biyu ta yi aka rufe ta. Tana ɗan lilo gefe da gefe, mutane suna daidaita takunsu da lilon don kada su faɗi, takun nasu kuma na ƙara mata lilo. Sai a 2002 aka sake buɗe ta bayan an sa mata na'urorin shanye girgiza.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a yi watsi da masana, kowa ya kama gabansa. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Duk kurakuran da na lissafa, da bincike aka gano su. Wani lokacin ma wanda kowa ke yi wa dariya shi ne mai gaskiya. Likitoci sun daɗe suna ɗora gyambon ciki a kan damuwa da yawan ruwan tsamin ciki, har Barry Marshall da Robin Warren a Ostireliya suka ce ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa. Da aka ƙi saurarensu, Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kamu da kumburin ciki. An ba su kyautar Nobel a 2005. Amma jarumtar shan ƙwayar ba ita ta ba su gaskiya ba. Asibitoci da yawa a ƙasashe daban-daban ne suka gwada kashe ƙwayar da magani, suka ga gyambon yana warkewa ba ya dawowa.

Abin mamaki, masu karanta jaridarku ba baƙi ba ne a wannan tarbiyyar. Wanda ya ɗan zauna gaban malaman hadisi ya san ba a karɓar magana don daɗinta. Sai an tambayi isnadi: wa ya ji daga wa, shin ma sun yi zamani ɗaya, yaya gaskiyarsa, yaya haddarsa, ko akwai wata hanyar da ta ƙarfafa wannan. Daga nan a ce wannan ingantacce ne, wannan mai rauni ne, wancan ƙirƙirarre ne. Mutumin da ba zai yarda a ce masa "ya zo a hadisi" a yi shiru ba, me ya sa za a ce masa "bincike ya nuna" a wuce?

Roƙona ba mai tsada ba ne. Duk lokacin da za ku kawo labarin bincike, ku ba mu sunan masu shi da jami'arsu, da mujallar da ta buga da shekarar, da yawan waɗanda aka gwada, mutane ne ko dabbobi. In kamfanin da ke sayar da abin ne ya biya kuɗin aikin, ku faɗa. In na farko ne ba a maimaita ba tukuna, ku ce haka ƙarara. Layi biyu ko uku sun isa. Na san wakili ɗaya ne ke rubuta labari biyar kafin la'asar, kuma sau da yawa sanarwar da ofishin yaɗa labaran jami'a ya turo ita ce kaɗai a gabansa, ita kuwa don talla aka rubuta ta. To ya buɗe takardar ta asali, ya gangara kusa da ƙarshe, inda masu binciken kan lissafa raunin aikinsu da bakinsu. Minti goma ne.

Sai batun kashi 93 ɗin nan. Ina roƙon ku gyara shi a shafin da kuka buga shi, da harafi mai girman na farko. Akwai tsofaffin ɗalibaina da ke karanta jaridarku, wasunsu yanzu malamai ne, kuma daga bakina suka fara jin lambobin.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani malamin makaranta, mai karanta jaridarku