Wasiƙa daga Ingila: aikin ikilisiya a watannin kaka

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙarfin jikin Baba da Mama? Ka miƙa musu gaisuwata, ka ce musu muna nan ƙalau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Ganyen itatuwa ya yi ja, wani ya yi ruwan ɗorawa, yana ta zuba a kan hanya.

Bayan gaisuwa, ka tambaye ni yadda majami'un Furotesta na nan suke neman mutanen da ba sa zuwa sujada, tunda ka ji an ce Turawa sun juya wa coci baya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kashi 46.2 cikin ɗari ne suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59.3 ne. Kashi 37.2 kuma suka ce ba su da addini. Za ka tarar da magidanci da furfura a kansa wanda bai taɓa taka ƙofar majami'a ba sai don jana'iza ko ɗaurin aure. Yawancin irinsu ba sa gaba da bishara. Kunya ce da rashin sabo. Mutum bai san inda zai zauna ba, bai san lokacin da ake miƙewa ba, yana tsoron a nuna shi a ce ya tashi ya faɗi sunansa. Duk abin da zan bayyana maka ƙoƙari ne na rage masa wannan nauyin, kuma daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba ake yin mafi yawansa.

A watan Agusta makarantu a rufe suke, mutane sun watse hutu, majami'a takan koma rabi. Da Satumba ta kama sai kowa ya dawo mazauninsa. A wurin 'yan Metodis ma ranar 1 ga Satumba shekarar ikilisiya take farawa, lokacin ne faston da aka yi wa canjin wuri yake kama aiki. Don haka a makon farko dattawan ikilisiya suke zama da kalanda, su tsara komai har zuwa Kirsimeti, a rubuta sunan wanda zai riƙe kowane aiki. Abin da aka bari a kan "za a samu wani" ba ya yiwuwa.

Da gini ake farawa, kuma kada ka ɗauke shi ƙaramin abu. Tun a Satumba ake kiran mai gyara da ke da rajistar Gas Safe, wato shaidar izinin aikin gas, ya duba injin ɗumama ɗaki, domin in aka jira Nuwamba kowa na nemansa. Tsohon ginin dutse sai an kunna masa wuta sa'o'i kafin sujada, shi ya sa ake mai da tarurrukan tsakiyar mako ƙaramin zaure. Ana kwashe ganyen da ya toshe indararo, in ba haka ba ruwan sama ya bi bango ya sauka, danshi ya kama ginin, gyaran da ya fi ƙarfin baikon shekara ya taso. Ana share jiƙaƙƙen ganye daga matakala saboda santsi, a kuma gyara fitilar ƙofa. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mai da agogo baya da sa'a ɗaya, daga nan kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa. Tsohuwa mai sanda ba za ta nufi ƙofar da babu haske ba. A wannan Lahadin kuma ana sa mutum ɗaya ya buɗe majami'a da wuri ya ɗora shayi, saboda akan sami wanda ya manta da canjin agogo ya iso sa'a ɗaya kafin lokaci.

Taro na farko shi ne godiyar kaka, a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wani limamin Anglikan, Robert Hawker, shi ake dangantawa da fara ta a majami'a, a ƙauyen Morwenstow da ke Cornwall a 1843. Yau mutanen birni ba su da gona, saboda haka abincin gwangwani da na kwali ake jerawa a gaban bagade, washegari a kai rumbun abincin mabuƙata na unguwa. Da yawa daga cikin rumbunan suna ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta Trussell, inda mai buƙata yake zuwa da takardar shaida daga likita ko makaranta ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, a ba shi abincin kwana uku. Inda ake kuskure shi ne a tara kaya ba a tambaya ba. Sai ka ga taliya da gwangwanin wake sun yi tsibi, alhali abin da ya yanke musu madarar kwali ce wadda ba ta buƙatar firiji, da kifi da naman gwangwani, da sabulu, man goge baki, famfas da audugar mata. Dabarar ita ce a kira masu rumbun mako biyu kafin ranar, a karɓi jerin abin da suke nema, a buga shi a takardar sanarwa. A duba kwanan watan kowane gwangwani, domin wanda ya wuce lokaci zubar da shi za su yi. A kuma tuna da mutanen da hukuma ta ajiye a ɗaki ɗaya, ba murhu sai butar lantarki. Su abin da ake zuba wa ruwan zafi a ci shi ne ya fi musu amfani. Ba a ɗora wa kowa sharaɗin addu'a kafin a ba shi abinci. Na yarda da wannan ƙa'ida ƙwarai, domin mai jin yunwa zai ce amin ga duk abin da ka faɗa, kuma ba zai sake yarda da kai ba.

Makarantun firamare da dama sukan kawo yaransu majami'a don nasu bikin kakar. Iyaye suna biyo su da wayoyi a hannu don ɗaukar hoto, ka ga benci ya cika da fuskokin da ba a taɓa gani ba. Minti arba'in ya isa, a bi da shayi da biskit.

Babban aikin kaka shi ne darasin masu tambaya game da bangaskiyar Kirista. Wanda aka fi sani shi ne Alpha, da ya samo asali a majami'ar Holy Trinity Brompton a Landan a 1977, Nicky Gumbel ya karɓe shi a 1990 ya mai da shi na mutanen da ba 'yan ikilisiya ba. Ana fara shi a ƙarshen Satumba don a gama kafin Kirsimeti, dare ɗaya a mako, kimanin mako goma. Kowane dare kashi uku ne: a ci abinci tare, a saurari jawabi na kusan rabin sa'a, sannan a zauna ƙungiya-ƙungiya a tattauna. Tebur ɗaya kada ya wuce mutum goma sha biyu, masu masaukin baƙi biyu, mataimaka biyu, sauran duk baƙi. A nan ne ake yawan yin ɓarna, Yaya. In 'yan ikilisiya suka fi baƙi yawa a tebur, baƙo yana buɗe baki ya ce shi bai ga dalilin da Allah zai bar mahaifiyarsa ta sha wahala kafin ta rasu ba, sai mutum uku su yi masa ca da ayoyi. Ba zai dawo ba. Aikin mai masauki shi ne ya ce, "Na gode da ka faɗi wannan, sauran fa me kuka gani?" ya kuma iya haƙuri da shirun da zai biyo baya. Amsa tana zuwa a makonnin gaba, in mutumin ya ci gaba da zuwa. Abu na biyu lokaci ne. In an ce ƙarfe tara za a tashi, to tara ɗin, ko da hira ta yi daɗi, domin wata ta bar yara da mai reno da take biya kowace sa'a, wani kuma motar hayarsa ta ƙarshe yake lissafi.

Allon talla a bakin titi da takardun da ake zurawa ta ƙofofin gidaje suna sanar da mutane cewa abin yana nan, amma da wuya su kawo mutum. Abin da yake kawo shi maƙwabci ne ko abokin aiki da ya ce, "Zan biyo maka ƙarfe bakwai saura kwata mu tafi tare." Shi ya sa tun farkon Satumba fasto yake roƙon kowa ya rubuta sunan mutum uku, ya yi musu addu'a, ya gayyaci ko da ɗaya da bakinsa.

Girkin ma da ƙa'idarsa. Gram 75 na ɗanyar shinkafa ake lissafa wa kowane mutum, ka ga na mutum talatin kilo biyu da kwata ke nan. Abinci mai zafi a riƙe shi a digiri 63 ko sama har a raba. Shinkafar da ta saura a sanyaya ta cikin sa'a ɗaya a sa a firiji, kada a ɗumama ta fiye da sau ɗaya, domin tana ɓata ciki in ta daɗe a waje. Akwai abubuwa 14 da hukumar kula da abinci ta lissafa waɗanda jikin wasu ba ya ɗauka, irin su gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi da alkama, sai a rubuta a kati a ajiye gaban kowace tukunya. A tanadi kwano ɗaya marar nama, a kuma sassauta barkono. Majami'ar da take ciyarwa kowane mako sai ta tuntuɓi ƙaramar hukuma game da rajista. Lambar wayar baƙo kuma ba a karɓarta sai da izininsa, an faɗa masa abin da za a yi da ita. Dokar kare bayanan mutane ta 2018 ba ta wasa da wannan.

A garuruwan da ke da jami'a, ɗalibai suna isowa a ƙarshen Satumba, da yawa daga ƙasashen waje, ba rigar sanyi ba ɗan'uwa. Iyalin da ya ɗauki biyu ya kai su gida cin abincin rana bayan sujada ya yi aikin da wa'azi goma ba zai yi ba.

Ranar 31 ga Oktoba muna tunawa da Martin Luther da batutuwansa 95 na gyaran ikilisiya da ya fitar a Wittenberg ta Jamus a 1517, amma a titi daren Halowin ne, yara suna yawo gida-gida da shigar fatalwa suna karɓar alewa. Majami'u da yawa suna shirya bikin haske a wannan yamma, da wasanni da alewa da ɗan gajeren labari daga Littafi Mai Tsarki. Duk babban da zai kula da yara sai an yi masa binciken DBS, wato a duba ko yana da tarihin laifi, kuma takardar takan ɗauki makonni, don haka a Satumba ake nema. Ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara, ana rubuta sunan kowane yaro da na wanda zai zo ɗaukarsa, ba a kuma ɗaukar hoto sai iyaye sun yarda.

Nuwamba watan tunawa ne. A farkonsa majami'u da dama suna rubuta wa iyalan duk waɗanda aka yi wa jana'iza a shekarar, a gayyace su sujadar yamma, a karanta sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kunna kyandir. Mai karatu ya tambayi yadda ake furta kowane suna tun kafin ranar, a kuma duba jerin sau biyu. Gwauruwar da ta yi ƙarfin hali ta zo, aka tsallake sunan mijinta, an yi mata sabon rauni. Sai Lahadi ta biyu ta watan, ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, al'adar da ta samo asali daga tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 11 ga Nuwamba 1918. Kowa da jan furen takarda a ƙirji, tsofaffin sojoji da lambobinsu, 'yan sikawut da tutoci, kansiloli a bencin gaba. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai ake yin shiru na minti biyu, saboda haka ana auna waƙoƙi da karatun da za su gabace shi da agogo. Wa'azin minti goma ne, a kan ta'aziyya da begen tashin matattu, ba a sa siyasa.

Tun daga hunturun 2022, da kuɗin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabo, majami'u da yawa suke buɗe zaure mai ɗumi rana ɗaya ko biyu a mako, da shayi da miya da burodi kyauta. Kuɗin yana fitowa daga baiko, kuma tsarin Gift Aid yana taimakawa: in mai bayarwa yana biyan haraji ya sa hannu a takarda, gwamnati tana ƙara fam ɗaya a kan kowane fam huɗu. Masu zuwa da yawa kaɗaici ne ya koro su fiye da sanyi. Za ka ga dattijo ya zauna bai cire kwat ba, ya riƙe kofi da hannu biyu, wataƙila tun Lahadi bai yi magana da kowa ba. In masu aiki shida ne, dukansu sukan so su shige kicin, domin wanke kofi ya fi zama da baƙo sauƙi. Ikilisiyar da ta san aikinta tana ware biyu ta hana su taɓa komai, aikinsu kawai su ja kujera su zauna, su riƙe sunan mutum har mako mai zuwa. A ganina wannan kujerar ta fi kowane shiri da na lissafa maka muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa a rubuta wa suna.

Kafin tsakiyar Nuwamba an buga katin gayyatar waƙoƙin Kirsimeti, domin Lahadin farko ta Zuwan Almasihu, wato makonnin shirin Kirsimeti, tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Waɗanda suka zo godiyar kaka, da iyayen yaran bikin haske, da iyalan mamata, da masu shan shayin zaure, su ake fara miƙa wa katin hannu da hannu.

Ka karanta wa Baba wannan a hankali, na san zai so jin batun sujadar tunawa da mamata. Ku sa mu a addu'a, musamman masu riƙe teburin darasi, domin mako na huɗu da na biyar ne baƙi suke fara raguwa in ruwa da duhu suka tsananta. Ka gaishe da matarka da yara, da dukan 'yan'uwa a ikilisiya. Ina jiran amsarka.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ne ƙanenka.