Tallafin Abincin Yara A Amurka: Iyaye Na Da Haƙƙin Ganin Lissafi

Mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman iyayen da larurar aiki ta tilasta musu kai 'ya'yansu gidajen renon yara, kan wani kuɗi da gwamnati ke biya da sunan 'ya'yansu alhali yawancinsu ba su san da zamansa ba.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana da wani shiri na tallafin abinci ga gidajen renon yara da ake kira CACFP, wanda Ma'aikatar Noma ke kula da shi. An fara shi a 1968 a matsayin gwaji na ciyar da yaran da ba su isa shiga makaranta ba, daga baya aka faɗaɗa shi har ya haɗa da cibiyoyin kula da tsofaffi, kuma a yau yara fiye da miliyan 4 ne ke cin abinci a ƙarƙashinsa kowace rana. Kuɗin ba ya shiga hannun iyaye. Gidan reno ne ke dafa abinci, ya ƙirga yaran da suka ci, ya miƙa lissafi ga hukumar jiha, sannan a mayar masa da kuɗi gwargwadon kwanukan da ya raba. A jihar New York, inda nake zaune, Ma'aikatar Lafiya ta jiha ce ke riƙe da wannan aiki. Doka ta yarda a biya wa kowane yaro abinci biyu da abin taɓawa ɗaya a rana, ko kuma abinci ɗaya da abin taɓawa biyu.

Adadin da ake biyan cibiya ya danganta ne da samun iyayen yaron. Idan abin da iyali ke samu bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnati ba, ana biyan mafi girman farashi. Idan yana tsakanin wannan da kashi 185, a biya ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya haura nan kuma abin da ake bayarwa dominsa bai taka kara ya karya ba. Tazarar tana da girma ƙwarai, domin abincin rana ɗaya na yaron da ke rukunin farko yana kawo wa cibiya sama da dala 4, na rukunin ƙarshe kuwa bai kai rabin dala ba. Ana sabunta waɗannan farashi ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara, kuma ba sirri ba ne, gwamnati tana wallafa su. Cibiyar da aka kafa don neman riba ma ba ta samun shiga shirin sai idan aƙalla kashi 25 cikin 100 na yaranta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Ma'ana, ɗan direban tasi da 'yar mai aikin kula da marasa lafiya a gida su ne ke buɗe wa irin wannan cibiya ƙofar tallafin.

A nan ne damuwata take. Sau ɗaya a shekara uwa za ta buɗe jakar yaronta da daddare ta tarar da fom an cusa shi tsakanin kunzugu da kayan canji, an ja layi inda za ta rubuta yawan mutanen gidanta da albashinsu, an kuma ce ta dawo da shi gobe. Da wannan fom ne cibiya ke tantance rukunin da yaro ya faɗa. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata ga amfaninsa. Wata ta cike a tsorace, wata kuma ta ƙi cikewa don gudun kada bayanin ya faɗa hannun da ba ta so, alhali fom ɗin lambobi huɗu na ƙarshe kawai yake nema daga lambar shaida ta Social Security ta mai sa hannu, kuma akwai gurbin da wanda ba shi da ita zai nuna haka. Bayan wannan sai takardar biyan kuɗi ta zo a ƙarshen mako da adadi ɗaya dunƙule, ba a ware nawa ne na reno ba, nawa ne na abinci, nawa ne na kayan wasa da rubutu. Na ga takardar wata 'yar'uwa da aka rubuta mata kuɗin abinci daban a ƙasa, a cibiyar da ta karɓi fom ɗinta, kuma da ta yi tambaya amsar da ta samu ita ce haka tsarinsu yake.

Ƙa'idar shirin ta yi magana a kan wannan. Cibiyoyi iri biyu ne. Akwai waɗanda ke haɗa kuɗin abinci cikin kuɗin reno, ba sa cajin komai daban, kuma su ne suka fi yawa. Akwai waɗanda ke cajin abinci daban, su kuwa ba su da ikon karɓar ko kwabo na abinci daga yaron da ke rukunin kyauta, wato rukunin farko, na rukunin rangwame kuma, wato na biyu, ba za a caje shi fiye da santi 40 na abincin rana ba, da santi 30 na karin kumallo, da santi 15 na abin taɓawa. Matan da ke renon yara a cikin gidajensu, idan suna cikin shirin, ba a yarda su caji kuɗin abinci daban ba sam. Haka nan wajibi ne a sanar da iyaye cewa cibiyar tana cikin shirin, tare da bayanin hukumar da za su tuntuɓa. Sai dai takardar da aka liƙa a bayan ƙofa, cikin Turancin ofis, a wurin da uwa ke wucewa da gudu ƙarfe bakwai na safe don kada jirgin ƙasa ya bar ta, ba ta isa a kira ta sanarwa ba a ganina.

Ba ina cewa masu gidajen reno ɓarayi ba ne. Da yawansu mata ne irin namu da ke aiki daga asuba zuwa magariba, kuma abin da gwamnati ke mayarwa sau da yawa ba ya ɗaukar cefane da albashin mai girki da lokacin da cike-ciken takardu ke cinyewa. Ƙa'idar abincin ma tana da tsauri tun bayan gyaran da ya fara aiki a Oktoban 2017: dole a ba da hatsin da ba a surfa ba aƙalla sau ɗaya a rana, ruwan 'ya'yan itace kada ya wuce sau ɗaya, kek da makamantansa ba sa shiga lissafi, sannan kowane rukunin shekaru da irin madararsa. Duk wannan kuɗi ne. Doka ma ba ta ce sai cibiya ta rage kuɗin reno saboda tana karɓar tallafi ba, kuma ban nemi a tilasta mata ba. Abin da nake nema bai kai nan ba: a rubuta a takardar yarjejeniya cewa ana karɓar tallafin, a faɗi abincin da ya ɗauka, a kuma ware kuɗin abinci daga kuɗin reno idan ana cajinsa. Mai gaskiya ba ya asarar komai da wannan, hasali ma uwar da ta fahimci cewa fom ɗinta ne ke sawo wa ɗanta madara za ta cike shi da wuri.

Rashin sani yana jawo wa iyaye asarar da ba ta bayyana a takarda. Cibiyar da ke cikin shirin wajibi ne ta tanadi aƙalla nau'i ɗaya na madarar jarirai mai sinadarin ƙarfe, amma ga iyaye nan suna sayen gwangwani mai tsada suna kaiwa duk mako, ba don sun zaɓi haka ba, sai don ba a gaya musu akwai ta ba. Mu Musulmi kuma muna da batun halal. Da yawa daga cikinmu suna dafa wa yaro abincinsa kaf daga gida don gudun naman da ba su yarda da shi ba, suna kuma biyan cikakken kuɗi, alhali ƙa'ida ta amince da kifi da ƙwai da wake a madadin nama, ta kuma ba iyaye damar kawo ɓangare ɗaya na abincin daga gida, cibiya ta cika sauran.

Wani zai ce ai hukumomi suna sa ido, me ya kai iyaye? Abin da ya faru a jihar Minnesota ya isa amsa. A Satumban 2022 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta gurfanar da mutum 47 bisa zargin wawure kimanin dala miliyan 250 daga kuɗin ciyar da yara a lokacin annobar korona, ta hannun ƙungiyar Feeding Our Future, kuma a Maris ɗin 2025 kotu ta sami shugabar ƙungiyar da laifi. An ƙirƙiri jerin sunayen yara na bogi, an nemi kuɗin abincin da ba a taɓa dafawa ba. Jami'in gwamnati takarda yake dubawa, kuma zuwansa jefi-jefi ne. Uwa kuwa kullum tana ganin ko ɗanta ya dawo a ƙoshe ko da yunwa. Irin wannan ta'asa ita ce ke ba masu son a yanke tallafi hujja, kuma idan aka yanke, 'ya'yan talakawa ne za su ji a jikinsu.

Saboda haka ina kira ga iyaye, kafin su sa hannu a kowace yarjejeniya, su tambayi shugabar cibiya kai tsaye ko suna cikin shirin, ko abinci yana cikin kuɗin reno, su kuma nemi ganin jadawalin abincin mako. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce, kuma wanda aka caje shi ba bisa ƙa'ida ba yana da damar kai kuka ga hukumar jiharsa. Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa a Bronx da sauran garuruwa su ware ɗan lokaci bayan sallar Juma'a ko a taron wata-wata su karanta wa jama'a wannan fom da harshenmu, su kuma nemi hukumomin da ke ba gidajen reno lasisi su sanya fayyace kuɗaɗe cikin sharuɗɗansu.

Wassalam.

Naka,
Wani uba mazaunin Bronx, New York