Abin da ya raba matasan Birtaniya da jam'iyyar Conservative

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ce wani abu kan kayen da jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya ta sha a zaɓen 4 ga Yulin 2024, inda kujerunta suka zube daga 365 da ta ci a 2019 zuwa 121. Masu sharhi sun fi ɗora laifin kan taɓargazar tsofaffin firayim ministocinta, Boris Johnson da Liz Truss. Ni kuwa a ganina matasa sun daɗe da juya mata baya, kuma da hujjarsu.

Gwamnatin David Cameron ce ta ninka kuɗin jami'a a Ingila kusan sau uku, ya kai fam 9,000 a shekara daga 2012. Yaro ya gama karatu da bashi a wuya, kuɗin haya na cinye albashi, sayen gida kuwa sai in iyaye masu hali ne. Fanshon tsofaffi ko, kowace shekara sai an ƙara, tunda su ne ba sa fashin zaɓe. Ga kuma ficewa daga Tarayyar Turai, wadda akasarin matasa suka ƙi a 2016, ta hana su zuwa aiki Jamus ko Faransa kai tsaye.

Da can mutum kan karkata ga wannan jam'iyya in ya mallaki gida, ya sami abin da yake tsoron rasawa. Yanzu da yawa furfura ke iske su a gidan haya.

Duk da haka, ana dab da zaɓe, abin da Rishi Sunak, shugaban jam'iyyar kuma firayim minista a lokacin, ya ga ya dace ya tallata wa 'yan shekara 18 shi ne bautar ƙasa ta dole!

Naka mai karatu,
daga Kaduna.